Jawabin Magatakarda a Ranar Bikin Ƙungiya: Idan Kwayil Ya Tsayar da Mota a Hanya

 

Ni ba bakanike ba ne, aikina biro da takarda. Amma duk rigimar da ta tashi tsakanin mai kaya da direba a kan teburina take sauka, kuma sau da yawa farkonta guda ne: mota ta mutu a hanya, kaya sun lalace. Ni ma abin ya taɓa cina.

Bara da bazara na raka kwandunan tumatir na yayana daga Jibiya zuwa Maraɗi a wata tsohuwar ƙaramar mota. Mun wuce Ɗan Isa kaɗan sai ta fara fizga, ta mutu. Muka jira kamar rabin awa, ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa. Direba ya rantse man bumburutun da ya sha ne. Aka tsiyaye tanki, aka kwance famfon mai, duk a banza. Sai wani dattijon bakanike ya zo ya ɗora hannu a kan kwayil, ya janye da sauri, ya ce, "Yaro, bobin ce ta gaji." Abin da muke kira kwayil su bobin suke cewa, fulogi kuma buji. Ku riƙe sunayen biyu don ranar da za ku nemi kaya a ƙetaren iyaka. Mun shiga Maraɗi kasuwa ta watse, tumatir ya yi ruwa.

Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, wanda ba zai kunna fetur ba. Kwayil ne ke ɗaga wutar zuwa bolt 20,000 ko fiye, ya tura wa fulogi. Tsofaffin motoci irin su Fijo 504 kwayil ɗaya gare su, distirbuta ke raba wutar, don haka idan ya mutu mota ta tsaya gaba ɗaya. Na zamani kuwa, irin Corolla ta yanzu, kowane fulogi da nasa a kansa. Ɗaya ya mutu mota za ta ci gaba da tafiya, amma tana kakkarwa, ba ƙarfi a hawa, tana zuƙar mai, salansa na warin ɗanyen fetur. Masu manyan motocin gas ku sha kuruminku, injinku ba ya amfani da kwayil.

Abin da nake so mu kula da shi: ba kullum kwayil ɗin ne mai laifi ba, wani lokaci hanyar da wuta ke bi zuwa gare shi ce ta yanke. Kafin a sa ka sayi sabo, a duba fis. A buɗe makulli a gwada da fitilar gwaji ko wuta tana isowa soket ɗinsa. A duba wayar da ke ɗaure a jikin inji, wadda 'yan Nijar ke kira mas, domin gargadar hanya tana sassauta ta, tsatsa kuma tana cin ta. Idan motar zamani ce kuma duk fulogan sun rasa wuta lokaci guda, da wuya a ce kwayil huɗu sun mutu tare. A nemi fis, ko rile, ko sensar kuranshaf.

Idan silinda ɗaya ake zargi, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A ɗauke kwayil ɗinta a musanya da na maƙwabciyarta. In matsalar ta bi shi ta koma can, shi ne. In ta tsaya inda take, a duba fulogi, ko waya, ko nozul. Na'urar da ake jona wa mota ma tana faɗa: P0301 silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, P0351 kuwa layin wutar kwayil na ɗaya take nufi.

Me ke kashe shi? Zafi, da fulogin da ya cinye har bakinsa ya buɗe, don sai kwayil ya yi ta yunƙuri kafin wuta ta tsallaka. Sai baƙin mai da ke yoyo cikin ramin fulogi, da ruwan da yaran wanki ke fesa wa inji. Wanda ya sa sabon kwayil a kan tsohon fulogi ya shirya sayen wani. Kuma don Allah kada a gwada tartsatsi kusa da jarkar mai, kada a riƙe wayar fulogi da hannu inji na aiki.

Roƙona ga shugabanni, a cire kuɗi daga asusu a sayi na'urar gwajin nan guda biyu, ɗaya ta zauna a ofishinmu na nan, ɗaya a na ƙetare, duk ɗan ƙungiya ya jona kafin ya ɗora kayan gwari. Na rubuta shawarar, tana gaban ma'aji, za a kawo ta a zama na gaba.

Allah ya kai mu kasuwanninmu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.