Murhu da Hayaƙi a Gidajen Birnin Gwari

Hunturu ya kama, kuma a Birnin Gwari, garin da ke maƙwabtaka da dajin Kamuku, itace da gawayi ba su da wuyar samu. Gyaran wurin da ake hura su ne ake yi wa sakaci.

Ku leƙa madafar gidanku, ku ɗaga kai. Kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a jikin azara da jinka tana iya kamawa da tartsatsi ɗaya, balle yanzu da iska ta busar da komai. A kankare ta. Murhun laka da ya tsage a yaɓe shi, domin ta tsagar nan zafi ke zurarewa, itace ya ƙare tuwo bai nuna ba. Tagar da aka toshe da tsumma saboda sanyi kuwa, a buɗe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutane kusan miliyan 3 a shekara, kuma uwar gida da goyonta ne suka fi shaƙar sa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kaskon gawayi a ɗaki rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta.

Maigida, kafin ka kwanta yau, ka fitar da kaskon nan waje, ka kashe garwashin.