Batun Sayen Janwe: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Lafiya

Shugaba, iyayenmu dattawa, malamai, da 'yan'uwa 'yan kasuwa, ina neman afuwa in na tsawaita.

An ce in yi magana a kan shawarar da wasunmu suka kawo, wato ƙungiya ta mallaki janwe tata ta kanta. Ni ina goyon baya, amma tsohuwa nake so mu saya mu gyara, kuma zan faɗi dalili.

Kowa a nan ya san hawan nan na wajen Nasarawa Eggon, kan hanyar Akwanga. Ko da aka mayar da hanyar tagwaye, mota ba ta daina lalacewa ba, balle a hanyoyin ƙauye inda muke ɗauko doya da agushi da riɗi. In mota ta kwanta da kaya, kwana biyu a rana sun isa doya ta fara ruɓa, ga ɓarayi da dare, ga mai janwe da zai yanka maka kuɗi yadda ya ga dama don ya san ba ka da zaɓi. Uwar kuɗin mutum ce ke zaune a bakin titi.

Ita janwe asalinta ba wani abu mai wuya ba ne. Wani makanike a garin Chattanooga na Amurka, Ernest Holmes, shi ya fara haɗa ta a 1916, bayan shi da mutane sun sha wahalar fid da wata mota daga rafi. Sai ya kafa ƙarafa da sarƙa a bayan tsohuwar Cadillac. Da hannu ake juya na farkon nan. Yau a garin har gidan tarihi suka yi wa janwe, masu kuɗinsu na sayen tsofaffin su yi musu fenti don kallo. To, mu dai ba kallo ya kawo mu Lafiya ba.

Yadda na hannun ke aiki shi ne, kana juya mariƙi, ƙaramin giya yana tura babba, sai ka yi juyi da yawa kafin kugiya ta ɗaga kaɗan. A nan ƙarfin yake. Akwai kuma wani ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa cikin haƙoran giyan ya riƙe nauyi in ka saki hannu. Jama'a, wannan ɗan ƙarfen shi ne ran abin. In ya cinye, ko haƙori ɗaya ya karye, mariƙin zai juyo da gudu ya karya hannun yaro ko haƙarƙarinsa. Duk wanda aka tura sayayya ya fara duba shi kafin ya kalli fenti. Haka waya: in ta fara tsinkewa sili-sili, a jefar, kada wani ya ce a ɗaure.

Kada kuma mu ruɗi kanmu. Na hannu ba zai ta da tirela ba. Aikinsa ƙananan motoci, a-kori-kura, da cire inji a gareji. Don manyan motoci sai winci mai aiki da inji, a bisa mota mai ƙashi.

Wace mota? Bedford ta yi zamani, amma an daɗe da daina ƙera ta, kayan gyaranta sai an tona. Ni Mercedes 911 na fi so. Kamfanin ANAMMCO na Inugu ya fara haɗa manyan motocin Mercedes a farkon shekarun 1980, sun cika ƙasa, babu kwamfuta a jikinsu, kuma makanikanmu na nan sun san su ciki da bai. Abin da ba a samu a nan ba, za a samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

A shiga ƙarƙashinta da tocila a duba shasi. Inji ana sāke shi, amma shasin da ya tsage aka lulluɓe da walda da baƙin mai, ranar da ya ɗauki nauyi ranar zai buɗe. A tambayi mai sayarwa aibinta a gaban shaidu, domin malamai sun karantar da mu cewa in an ɓoye aibi, mai saye yana da damar mayarwa. Lambar inji da ta shasi su dace da takardu, kada mu zuba kuɗin jama'a a kayan sata.

Abin da ya fi damuna shi ne wa zai riƙe ta. Motar tarayya kowa na hawa, ba mai zuba mata mai. A naɗa direba ɗaya da albashi, a buɗe littafi, ɗan ƙungiya ya biya ragi amma ya biya, ko da shugaba ne. Ina roƙon a zaɓi mutum uku yau, ɗaya a cikinsu makanike, su je Kaduna su ga kaya da idonsu, su kawo mana farashi a taro mai zuwa kafin a karɓi ko kwabo daga hannun kowa.