Ɗigon da aka gwada kan ƴaƴan Madarunfa: jawabi kan binciken rigakafin zawo



An ce in yi magana kan binciken kimiyya game da cututtuka da garkuwar jiki. To, ni ba Turai zan kai ku ba. Nan kusa za mu tsaya, a Madarunfa, cikin jahar Maradi, domin can aka yi wani bincike da duniya ta karanta, mu kuwa masu gida da yawanmu ko labarinsa ba mu ji ba.

Bari in fara da cutar. Sunanta rotabirus, ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, wata mai bincike a Ostareliya, Ruth Bishop, ta gano ta a 1973 cikin hanjin yara masu zawo. Kusan duk yaro a duniya sai ya gamu da ita kafin ya cika shekara 5, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Bambancin kawai, wani ana kai shi likita a ƙara masa ruwa cikin sa'a ɗaya, wani kuwa yana ƙauyen da sai an nemi amalanke. Ita ke kawo zawo da amai tare, ruwan jiki ya ƙare, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa. Sau da yawa mu ce ai haƙori ne yake fitarwa, mu jira. Ko kuma mu sayi kafso wajen ƴan tallar magani, alhali waɗannan magunguna ba sa taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan. Abin da ke ceton yaro shi ne ruwan gishiri da sukari, da zinki, da ci gaba da ba shi nono.

Rigakafinta ɗigo ne a baki, ba allura ba. Ana ba jariri ƙwayar da aka raunana, hanjinsa ya gane ta, jiki ya tanadi makaman yaƙi, ta yadda ranar da ta gaske ta zo za ta tarar an shirya mata. Matsalar ita ce irin wannan rigakafi yana son sanyi tun daga masana'anta har bakin yaro. Ku da kanku kun san zafin watan Afrilu a nan, kun kuma san yadda kuran ke zuwa yana tafiya, balle ƙauyen da babu firigo sam.

Shi ya sa wata masana'anta a Indiya, Serum Institute, ta haɗa wani iri busasshe kamar gari, wanda ke jure zafin digiri 40 har wata 6. Sai dai ba a yarda da magani don mai shi ya yabe shi. Dole a gwada. Cibiyar Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta fara gwajin a Madarunfa a 2014. Ana ba jariri sau uku, yana da sati 6, sati 10 da sati 14. An raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu ɗigon gaske, wasu ɗigon da babu rigakafi a ciki, kuma uwa ba ta san wanne aka ba ɗanta ba, ma'aikacin ma bai sani ba. Wani zai ce wannan ba yaudara ba ce? A'a, ana gaya wa iyaye haka za a yi tun farko. Dalilin kuwa, in mutum ya sani, son zuciya na iya shiga ƙidaya ko da bai yi nufi ba.

Sakamakon ya fito a 2017 a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka. Cikin jarirai 3,508 da aka ƙidaya, kusan rabi da rabi, yara 87 suka yi zawon rotabirus mai tsanani a ɓangaren da ba su samu rigakafin ba, 31 kacal a ɓangaren da suka samu. Wato ya rage kusan kashi 67 cikin ɗari. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, da sunan Rotasiil.

Nan nake son mu ɗan daɗe. Kashi 67 ba ya nufin yaro ya rabu da zawo. Akwai wasu ƙwayoyi barkatai da ke kawo shi, rigakafin nan ba ruwansa da su. In ba a yi wa uwa wannan bayani ba, ranar da ɗanta ya yi zawo za ta ce ƙarya aka yi mata, gobe ba ta komawa awo, maƙwabciyarta ma ta bi ta. Sannan a ƙasashen masu arziki irin waɗannan ɗigo suna kāre yara fiye da haka sosai. Me ya sa ƙarfinsu ke raguwa a wajenmu? Masu bincike na duba tamowa, da yawan cututtukan da ke cikin hanjin yaro lokaci guda, da garkuwar da ya sha daga uwa. Tambaya ce da ta shafi ƴaƴanmu kai tsaye, kuma ya kamata a ga ɗaliban jami'ar Maradi da ta Damagaram da masu binciken CERMES a Yamai a sahun gaba wajen amsa ta.

Na san akwai masu tsoron kalmar gwaji, kuma ba na ganin laifinsu. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer kan yara har aka kai ga shari'a, labarinsa ya tsallako iyaka ya zauna a zukatan mutane. Amma maganin wannan tsoro ba korar masu bincike ba ne. Mu yi masu tambaya. Wa ya ba ku izini? Kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar bincike ya gani? An yi wa uwa bayani da harshenta, ta kuma san tana iya janyewa ba tare da an hana ɗanta magani ba? In yaro ya samu matsala, wa zai ɗauki nauyi?

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda nake roƙon ƙungiyoyinmu su riƙe: in an gama, yaushe za ku dawo ƙofar maigari ku faɗa mana abin da kuka samu, da Hausa, gaban matan da suka kawo jariransu? A sa wannan cikin yarjejeniya tun kafin a ɗiga wa yaro na farko.

Zan tsaya nan, masu tambaya su ɗaga hannu.