TASWIRA DA HANYA

Yau zancenmu a kan taswira ne.

A shekara ta 1798 wani masani a Ingila, James Rennell, ya zana taswirar ƙasashenmu. Ya ja dogon jerin duwatsu daga yamma zuwa gabas, arewa da kurmin Asante, ana ce da su Duwatsun Kong. Shi kuwa bai taɓa taka ƙasar ba, labarin Mungo Park ya karanta. Masu zane na bayansa suka yi ta kwaikwayonsa har kusan shekara 90.

Amma fataken Kano da na Katsina, masu zuwa Gwanja sayen goro, suna bi ta Yendi su sauka Salaga da jakunansu, ba su taɓa cin karo da wannan katanga ba. Sai da wani Bafaranshe, Binger, ya ratsa ƙasar da kansa, ya shiga Kong da Salaga a 1888, kana ya shaida wa duniya duwatsun nan babu su.

Dutse na gaskiya kuwa yana nan. Idan ka tashi daga Karaga za ka Bawku ta Nakpanduri, sai ka iske kanka a bakin Dutsen Gambaga, ƙasa ta yanke a gabanka, daji yana shimfiɗe can ƙasa. Wanda bai san da gangaren nan ba, in dare ya same shi, ransa yana cikin hatsari.

Ka tuna kuma da George Ekem Ferguson, mutumin Anomabu. A 1892 da 1894 ya zaga ƙasashen arewa yana awo yana zane, abin da idonsa ya gani shi ya rubuta. A bakin aikin nan mayaƙan Samori suka kashe shi kusa da Wa a 1897.

To, kai fa? Kai ma matafiyi ne, kwanakinka kuwa ba su komowa. Taswirar wa ke hannunka? Da yawa suna tsoron dutsen da babu shi, domin “an ce”, gangaren da ke gabansu kuwa ba su kula ba. Fatake ba su tashi sai da madugu wanda ya san kowane zango da kowace rijiya. Kafin ka ƙara taku, tambayi mai nuna maka hanya ko shi kansa ya taɓa binta.

Allah ya kai mu lafiya. Sai wani mako.