Tsoro Da Damuwa: Shawarar Wani Malamin Balkh

Akwai wata irin cuta wadda ba ta kawo zazzaɓi, ba ta kuwa barin tabo a jiki, amma tana hana mutum barci. Ɗalibin da ke Ingila yana jiran sakamakon jarrabawa ya san ta, haka nan ma'aikacin da ke Jidda wanda aka aiko masa cewa mahaifiyarsa tana kwance a gida. Dare ya tsala, jiki ya gaji, amma zuciya tana ta saƙa da warwara.

Waɗansu suna zaton Turawa ne suka fara binciken wannan al'amari. Ba haka ba ne. Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malami da ake kira Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu mai zurfi a kansa. An haife shi kusa da birnin Balkh, cikin ƙasar da yau ake kira Afganistan, ya tafi Iraki neman ilmi, ya yi karatu wajen al-Kindi, ya rasu a shekarar 934. An fi saninsa da labarin ƙasa da zanen taswira, amma ya bar wani littafi mai suna Masalih al-Abdan wal-Anfus, watau abin da ke kyautata jiki da rai. A ciki ya yi ƙorafi cewa likitocin zamaninsa sun duƙufa kan jiki sun manta da rai, alhali kuwa in ɗaya ya kamu da ciwo, ɗayan ba ya zama lafiya.

Abin da ya fi jan hankali shi ne bayaninsa kan tsoro. A ganinsa, yawancin abin da mutum ke fargaba bai kai yadda zuciya ta zana shi ba. Ya yi misali da hazo. Matafiyin da bai taɓa ganinsa ba, in ya hango shi daga nesa, sai ya ɗauka wani abu ne mai kauri da ba ya ratsuwa. Sai ya shiga ciki sa'an nan zai ga ashe iska ce kawai, yana numfashi, yana kuwa ci gaba da tafiya. Wanda ya tsaya daga nesa fa, har abada ganuwa zai riƙa gani.

Saboda haka maganin da ya bayar ba mai daɗi ba ne: mutum ya riƙa kusantar abin da yake tsoro, a kai a kai, har ido da kunne su saba, kamar yadda likita ke sabawa da ganin rauni. Masana na yau sun gano dalilin da ya sa wannan ke aiki. Mutumin da aka aiko wa takarda daga asibiti ya ƙi buɗewa, ya tura ta ƙarƙashin katifa, zai ji sauƙi nan take. Wannan ɗan sauƙin shi ne tarkon, domin yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudu ne ya cece shi, gobe kuwa tsoron zai dawo ya fi na jiya. A shekarar 1958 wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya buga littafi kan yadda ake raba majiyyaci da tsoro mataki mataki, daga ƙaramin abu zuwa babba, yana cikin natsuwa. Har yanzu hanyar fuskantar abin tsoro sannu a hankali tana cikin manyan hanyoyin da ake bi a asibitoci.

Al-Balkhi ya ƙara da wata shawara, wadda ita ce mafi sauƙin ɗauka. Mai hankali yakan ajiye magani a gida tun yana da lafiya, don ranar larura. To, haka ya kamata ya tanadi tunani mai kyau tun hankalinsa yana kwance, ya tuna sau nawa ya yi fargabar abin da bai auku ba, sau nawa kuma abin ya auku ya jure. Ai ba a fara gina rijiya ranar da gobara ta tashi. In tanadin bai isa ba, sai a nemi wani mai hikima wanda aka amince da shi, gama mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani bisa ga wadda ya faɗa wa kansa.

Bai ce kowace damuwa tana jin lallashi ba. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko hasara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ya hana shi jin daɗin kome. Na biyun, a wurinsa, yana da tushe cikin jiki, yana kuma bukatar magani. Likitocin yau ma suna cewa damuwar da ta yi makonni tana hana ci da barci da aiki, ta likita ce, ba abin kunya ba ce kuwa.

Littafin ya daɗe a ajiye, rubutun hannu, cikin ɗakin littattafan Ayasofya a Santambul. A shekarar 1984 Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Frankfurt ta Jamus, sa'an nan a 2013 Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam daga Sudan, ya fitar da fassarar sashen da ya shafi rai cikin Ingilishi.