INA UNGULUN MAHAUTARMU?

 

Ya 'yan'uwa mutanen Boɗinga da Shagari, dattawanmu shaida ne cewa a da ba a yanka dabba a mahauta face ungulaye sun sauka sun share ƙazantar wurin. Yau fa, yara nawa ne cikinmu suka taɓa ganin ungulu da idonsu?

Masana sun bi sawun wannan al'amari. Wani Bafaranshe mai suna Thiollay ya ƙirga tsuntsaye a hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso a wajejen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin da 'yan kai, sai ya tarar manyan ungulaye sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji. A 2015 kuwa, ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya ungulun da muka saba gani cikin jerin halittun da ke dab da ɓacewa.

Bayan ƙirge, masana sukan auna wani sinadari a gashin tsuntsu ko kashinsa, wanda jiki ke fitarwa a lokacin yunwa da firgici, domin gane irin matsin da yake ciki. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tal take yi a sheƙa. Hausawa na cewa ta koma gidanta na tsamiya; to, idan mun sare tsamiyar mun yi gawayi, ina za ta koma?

Amma babbar musibar ita ce guba da camfi. Bokaye sun ruɗi jama'a cewa kan ungulu na kawo sa'a ko sanin gaibu, alhali babu mai sanin gaibu sai Allah. A ƙasar Gini Bisau, ungulaye fiye da 2,000 aka kashe da guba a 2020 domin cinikin kawunansu. Ashe wanda ya sayi kan ungulu ya yi asara biyu: ya ɓata aƙidarsa, ya kuma halaka halittar da ke yi masa hidima kyauta.

Mu ɗauki izina daga Indiya. Da wani maganin shanu ya ƙarar da ungulayensu, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita, cutar haukan kare ta yi ɓarna, har sai da aka haramta ba dabbobi maganin a 2006.

Saboda haka muna kira ga limamai su faɗakar a kan mumbari, mahauta da manoma su guji zuba guba a mushe, sarakunanmu kuma su hana sare itacen da ke ɗauke da sheƙa. Amana ce, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya sa mu gane gaskiya, Ya ba mu ikon binta. Amin.