Jawabin Ƙaddamar da Ɗakin Awon Hawan Jini: Dangantakar Jijiyoyin Jini da Lafiyar Zuciya



Zuciyar babban mutum tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti. Jinin yana bin jijiyoyi iri uku: masu kauri da ke fitar da shi daga zuciya, ƙanana da suka fi silin gashi siranta masu raba oksijin da abinci ga sassan jiki, sai masu komar da shi zuciya. Likitan Ingila William Harvey ne ya tabbatar a 1628 cewa jini zagaye yake yi. Zuciya da jijiyoyinta tamkar injin ban ruwa ne da tiyonsa a fadama: in tiyo ya toshe, injin ne zai yi ta gurnani har ya ƙone.

Lafiyayyar jijiya tana buɗewa idan jini ya taho, ta koma daidai idan ya wuce. A cikinta akwai wata siririyar shimfiɗa mai santsi da ke fitar da sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki, kuma masana uku na Amurka da suka gano aikin sinadarin sun sami kyautar Nobel a 1998. Hawan jini, hayaƙin taba da shisha, ciwon suga da yawan kitse a cikin jini su ne ke karce wannan shimfiɗa. Inda ta karce, nan kitse ke maƙalewa, ya yi ta taruwa shekara da shekaru har jijiyar ta ƙage, hanyarta ta ƙuntata, mai jikin kuwa bai ji komai ba.

Ta hanya biyu ɓarnar ke isa ga zuciya. Ta farko ita ce nauyin aiki: zuciyar da ke tura jini cikin ƙagaggun jijiyoyi tsokarta kauri take yi, daga baya ta gaji. Sai a ga mutum yana haki daga alwala zuwa masallaci, ƙafafunsa sun kumbura takalmi ya ƙi shiga, da dare kuma ba ya iya barci sai ya jingina da filo biyu ko uku. Ta biyu ita ce toshewa. Ita kanta zuciya tana da jijiyoyin da ke shayar da ita. Idan kitsen da ya taru a ɗayansu ya fashe, jini ya daskare a wurin, tsokar da ke gaba takan fara mutuwa cikin rabin awa. In abin ya faru a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda har gobe wasu ke cewa jifa ne ko bugun iska. Ƙoda da ido ma ta haka suke lalacewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen duniya, kuma kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Ana tabbatar da shi idan awo ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban. Hukumar ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafin nan har da dunƙulen miya da kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta ta da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego.

Domin tarar cutar tun tana jijiya aka tanadi wannan ɗaki. An gyara ginin, an sa masa hasken sola, an sayo na'urorin awon jini da na suga, an horar da ma'aikata, an buɗe rajista, an kuma ware wa iyaye mata wurin zamansu. Duk wanda ya sa hannu ya cancanci godiya.

Saura babbar magana, wato magani. Masu hira a bayan rumfa su ɗan saurara, da alama wasunsu gobe su ne a layin farko. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a huta. Ƙwaya irin su amlodipine kullum ake shanta, galibi har ƙarshen rayuwa; idan aka daina, jini sake hawa yake yi, jijiya ta ci gaba da lalacewa daga inda ta tsaya. Manomin da ya baro ƙauyensu ya biya kuɗin mota, aka auna shi, aka ce ga cuta amma babu magani a kanta, ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa kada su wahalar da kansu. Na'ura ma batir take ci, robar ɗaure dantse tana tsagewa, ma'aikaci yana buƙatar alawus. Waɗannan kuɗaɗe ne na wata-wata, ba sa fitowa a hoto, shi ya sa aka fi mantawa da su. Alƙawarin da aka yi a lasifika bai taɓa sauke jinin kowa ba, don haka masu hannu da shuni da suka ambaci adadi yau su sani cewa sakataren kwamitin wannan ɗaki ya rubuta, kuma ya san gidan kowa. Abin da ake roƙon hukuma shi ne kasafi tsayayye na magani, a rubuce, a kuma sake shi a kan kari. Kuɗin ƙwayar wata guda bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya ba, shi kuwa wankin sau biyu ko uku ake yinsa a mako.

Ƙa'idar awo mai sauƙi ce: mutum ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, dantse daidai saitin zuciya, ba magana. Duk baligi ya kamata ya san awonsa, mai juna biyu kuma a auna ta duk zuwa awon ciki. Wanda ya ji ƙirji ya danne masa, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, a garzaya da shi asibiti nan take.

Da sunan Allah, an buɗe wannan ɗaki don amfanin jama'a. Allah ya mai da kowa gida lafiya.